Buhu 3 cikin 40: lissafin ƙuri'a a siton wani ɗan kasuwar wake

## Mutumin da sana'arsa

Kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, kuma ya haura shekara 20 yana harkar hatsi. Ba babban attajiri ba ne. Da kaka yakan bi kasuwannin ƙauye ya sayi farin wake, buhu 40 a nan, 60 a can, ya jibge a sito, ya jira sai bazara ta yi nisa farashi ya ɗaga, sannan ya fitar zuwa Dawanau ko ya sayar wa masu lodi zuwa kudu. Ribarsa gaba ɗaya tana cikin wannan jira na wata 4 zuwa 6. Ni kuwa malamin lissafi ne a makarantar sakandare, kuma kafin wannan lamari ban taɓa sa baki a kasuwancinsa ba.

Wake yana da wuyar ajiya, kowa ya sani. Ƙwaron wake yana saka ƙwansa a jikin ƙwayar, wani lokaci tun a gona, tsutsar ta huda ta shige ciki tana ci, bayan mako 3 zuwa 4 sabon ƙwaro ya fito ya bar ɗan rami zagayayye, shi ma ya saka nasa ƙwan. A wata 3 an yi zuriya kan zuriya. Buhun saƙa ba ya tsare ƙwaro, saboda haka buhu ɗaya mai ƙwari yana shafa wa maƙwabtansa.

Yadda ake duba kaya kafin a biya sananne ne. Akwai ƙarfe mai tsini mai rami a ciki da ake soka wa buhu, wake ya zubo a tafin hannu, a duba launinsa, a nemi huda, a ciza a ji bushewa, a sansana. Al'adar Kawu tun fil azal ita ce ya soki buhu 3 a kowane ciniki. In sun yi kyau ya ce a loda.

## Kakar farko: Nuwamba zuwa Fabrairu

A watan Nuwamba ya sayi buhu 40 ta hannun wani dillali da suka daɗe suna hulɗa. Ya soki 3, duka suka fito fes, sabon wake mai ƙyalli. Ya biya, aka kawo sito.

A tsakiyar Fabrairu yaron sito ya ga gari yana zuba a gindin tsarin buhunan. Aka sauke su ɗaya bayan ɗaya. Buhu 4 sun kusa zama gari, kuma waken cikinsu ya dusashe ya yi ja-ja, alamar tsohon wake ne na bara wanda ya riga ya huda tun kafin a saya. Buhu 7 da ke jingine da su sun fara kamuwa. Guda 4 ɗin aka sayar wa masu kiwo da araha, guda 7 ɗin aka shanya aka sheƙe aka sayar da gaggawa kafin lokacin da ya yi niyya. Ribar wannan ciniki ta tafi, har ta ɗan taɓa uwar kuɗi.

Kawu ya ɗauka dillalin ne ya cuce shi. Ya yanke hulɗa da shi, abin da ya jawo ɓacin rai tsakanin gidaje biyu, domin mutumin ya rantse bai san da tsohon wake a cikin kayan ba.

## Kakar ta biyu: sabon dillali, sabuwar ƙa'ida

Shekara ta zagayo ya koma kasuwa da gyara biyu. Ya sauya dillali, ya kuma kafa wa kansa ƙa'idar sukar buhu 1 a kowane 10.

A Disamba ya sayi buhu 60 a wani shago, an tsara su layi-layi har sun kusa taɓa rufi. Ya soki 6, waɗanda hannunsa ya kai gare su daga bakin ƙofa da gefen tsari. Duka lafiya. Wannan karon bai jira Fabrairu ba, mako 3 da kawo kayan ya sa aka sauke su. Buhu 9 suka fito da huda, kuma 'yan dakon da suka yi lodin sun shaida masa cewa daga can ƙuryar shagon aka ciro su.

Daga nan ya gwada abubuwa biyu da ba su ɗore ba. Na farko, ya ce ba zai ƙara biya ba sai an soki kowane buhu. A ciniki biyu ya yi hakan. Na farkon ya cinye masa wuni guda, na biyun kuwa mai kayan ya gaji ya sayar wa wani da ya zo da kuɗi a hannu, ranar kasuwa ba a jiran mutum. Abu na biyu, wani abokinsa ya ba shi shawarar ya riƙa zuba maganin feshi na gona a cikin buhunan, ƙwari ko ba ƙwari. Ya ƙi. Ya ce abin da ba zai dafa wa 'ya'yansa ba, ba zai sayar wa 'ya'yan wani ba. Irin wannan magani ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015, kuma mu da ke cin waken a gida babu mai gwada mana shi a bakin iyaka.

## Janairu: wake 40 a cikin kwano

Na je gaishe shi wata ranar Juma'a da yamma, na same shi a ƙofar sito yana juya ƙarfen sukan buhu a hannunsa. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, kai da kake koya wa yara lissafi, faɗa mini. Na soki 3 an cuce ni, na soki 6 an cuce ni. Ido ne ya mutu ko mutane ne suka lalace?"

Na ce, "Kawu, ku ba ni kwano da wake, mu gwada wani abu."

Na ƙirga farin wake 36 da jan wake 4, na zaɓi masu girma ɗaya don kada yatsa ya bambanta su. Na zuba a kwanon sha, na rufe da hankici. Na ce fararen su ne buhuna masu kyau, jajayen su ne masu ƙwari, kamar dai kayansa na kakar farko. Ya sa hannu ba tare da dubawa ba ya ciro 3, mu rubuta, ya mayar, a girgiza, ya sake. Yaron sito ya riƙe alli yana ja mana layi a jikin ƙofa.

Ciro na farko, farare 3. Na biyu, farare 3. Na uku haka. Sai a na huɗu ja ɗaya ya fito. Kawu ya ɗage hankicin ya leƙa ya tabbatar jajayen suna nan, ya sake rufewa. Mun yi sau 50 kafin kiran sallar magariba. A sau 35 farare zalla ya ciro. A sau 15 kawai ja ya bayyana.

Ya daɗe yana kallon layukan allin, sannan ya ce, "Wato ko babu wanda ya ɓoye mini komai, haka za ta faru."

Bayan salla na yi masa lissafin a bayan wani tsohon rasit. Buhu 40 ne, 36 masu kyau. Yiwuwar buhun farko da aka ciro ya zama mai kyau ita ce 36 bisa 40. Da zarar an cire shi, saura buhu 39, masu kyau 35, don haka yiwuwar na biyu ita ce 35 bisa 39. Na uku, 34 bisa 38. Lambar ƙasa tana raguwa ne saboda ba a sukar buhu ɗaya sau biyu. Tunda ana son abubuwan uku su faru a jere, sai a ninka su: 36 sau 35 sau 34 ya ba da 42,840, sannan 40 sau 39 sau 38 ya ba da 59,280. In aka raba, ana samun kusan kashi 72 cikin 100. A gwaji 50 ana sa ran wajen sau 36 ke nan, mu kuma mun samu 35.

Ma'anarsa a fili take. Duk lokacin da aka kawo masa buhu 40 mai ɗauke da gurɓatattu 4, ya soki 3, to a ciniki 7 cikin 10 zai ce a loda.

Kawu ba ya karɓar magana da sauƙi, kuma tambayar da ya yi mini ita ce wadda ɗalibaina suke yi kowace shekara. Ya ce, "Tsaya. 4 cikin 40 ai 1 cikin 10 ke nan. In na soki buhu 10, dole in faɗa kan ɗaya." Na ce a'a. Tara yiwuwa irin haka, kashi 10 da kashi 10 har a kai 100, ba ya aiki, domin ƙuri'a ba ta raba gurɓatattun daidai wa daida. Wani ciro zai kwaso 2 ko 3 a lokaci guda, wani kuma ya fito babu ko ɗaya. Hanyar da ba ta ɓata ita ce a lissafa yiwuwar kuskure su duka, sannan a cire daga 100. Muka ci gaba da ninkawa har buhu na 10, daga 36 bisa 40 zuwa 27 bisa 31, amsar ta fito kashi 30. Wato ko da an soki buhu 10, a ciniki 3 cikin 10 gurɓatattun za su wuce.

Sai muka koma kan kayan kakar ta biyu, buhu 60 masu gurɓatattu 9, an soki 6. Da ƙuri'a aka zaɓi shidan, yiwuwar su fito fes duka ita ce 51 bisa 60, sau 50 bisa 59, a haka har 46 bisa 55, kusan kashi 36. Amma ba da ƙuri'a ya zaɓa ba. Ya soki na bakin ƙofa, gurɓatattun kuwa suna ƙurya. Buhun da hannu ba ya kai gare shi yiwuwar a zaɓe shi sifili ce, don haka ko 20 ya soka a wannan gefen, amsar ɗaya ce. Duk lissafin nan yana tsaye ne a kan sharaɗi guda: kowane buhu ya kasance yana da damar fitowa daidai da ta ɗan'uwansa.

## Fabrairu: neman adadin da ya isa

Na ɗauki mako biyu ina komawa wajensa da takarda. Tambayar farko da na yi masa ba ta lissafi ba ce, ta kasuwanci ce: wane irin gurɓata ne zai karya shi, kuma wace kasada zai iya ɗauka? Ya ce buhu 1 a cikin 40 zai iya shanyewa, amma 1 a kowane 10 shi ne abin da ya ci ribarsa. Muka tsayar da cewa muna son tsarin da zai kama irin wannan kaya aƙalla sau 9 cikin 10.

Ga abin da ya fito a kan buhu 40 masu gurɓatattu 4. Suka 3, yiwuwar kuskure kashi 72. Suka 4, wato ƙa'idarsa ta 1 cikin 10, kashi 64. Suka 5, kashi 57. Suka 10, kashi 30. Suka 15, kashi 14. Sai a suka 17 ne ta sauka ƙasa da kashi 10.

Da ya ji 17 ya riƙe baki. Ya ce in haka ne, buhu 200 sai ya soki 85. A nan ne lissafin ya ba shi mamaki, ni ma kuma ina jin daɗin wannan wuri duk lokacin da na koyar da shi. In gurɓatattun 1 ne a kowane 10, buhu 50 na bukatar suka 18, buhu 100 na bukatar 20, buhu 200 na bukatar 21 kacal. Abin da ke kama ƙwari shi ne yawan sukan da aka yi, ba kasonsu a cikin jimillar kaya ba. Mai ɗanɗana miya cokali ɗaya yake ɗiba ko tukunyar gida ce ko ta biki, muddin an juya ta. Ƙa'idar 1 cikin 10 tana da amfani ga mai sayen buhu 200, amma ga mai sayen 40 kusan ba ta tsare komai, kuma Kawu mai sayen 40 ne da 60.

Na rubuta masa lambobin huɗu a ɗan kwali: 40 da 17, 50 da 18, 100 da 20, 200 da 21.

Sauran aikin shi ne yadda za a yi zaɓen. Na fara ba shi shawarar amfani da waya ta fitar da lambobi, ya ce masu kaya ba za su yarda da abin da ba su gani da idonsu ba, kuma ya fi ni gaskiya. Shi ya kawo tsarin da aka tsaya a kai. A rubuta wa kowane buhu lamba da alli yayin da 'yan dako ke sauke tsari. A yanka takardu masu girma ɗaya, a rubuta lambobin, a naɗe su iri ɗaya, a zuba a hula. Mai kayan da kansa ya sa hannu ya ciro. Kowane buhun da lambarsa ta fito a soke shi wuri 3, sama da tsakiya da gindi, domin akan samu buhu mai kyan baki da mugun gindi. In ko ɗaya ya nuna huda, a soki sauran duka ko a fasa ciniki.

## Kakar ta uku: Nuwamba zuwa Afrilu

Ciniki 5 ya nema a wannan kaka.

Na farko, buhu 50. Na bi shi don in gani. Mai kayan dattijo ne, da ya ji bayanin hula sai ya ɓata rai ya ce, "Alhaji, ɓarawo ka ɗauke ni?" Kawu ya cire hularsa ya miƙa masa da hannu biyu ya ce, "Baba, da ɓarawo na ɗauke ku da ban ba ku zaɓen a hannunku ba. Ku ma saya kuka yi daga manoma, ba ku kwana a cikin buhunan ba. Wake ɗaya ke ɓata gari." Dattijon ya yi shiru, ya karɓi hular, ya fara ciro takardu yana miƙa wa jikansa yana karantawa. Buhu na 11 da aka soka, mai lamba 37, ya zubo da wake mai huda, har da ƙwari biyu suna tafiya a tafin hannun Kawu. Na 16 ma haka. Aka soki duka 50, aka samu 7. Dattijon ya kira yaron da ya yi masa sayayya a ƙauye ya yi masa faɗa a gabanmu, aka ware bakwan, aka yi ciniki a kan 43. Aikin duka ya ɗauki kamar awa 2, ladan da aka ƙara wa 'yan dako bai kai kuɗin rabin buhu ba.

Na biyu, buhu 60, mai kayan ya ce ba za a taɓa masa tsari ba, a soka daga inda aka gani ko a bari. Kawu ya bari.

Na uku da na huɗu, buhu 100 da buhu 40, ƙuri'a ta fito fes, kuma har aka sayar da su ba a ga komai ba.

Na biyar, buhu 40, an soki 17 duka lafiya. Da aka zo juye kayan a sito aka samu buhu 1 mai huda. Kawu ya kira ni a waya, muryarsa a sanyaye, ya ce lissafin ya gaza. Na je na nuna masa: in gurɓataccen buhu 1 ne tak a cikin 40, an soki 17, to 23 ba a taɓa su ba, yiwuwar ya kasance a cikinsu 23 bisa 40 ce, kusan kashi 58. Tun farko ba don kama buhu 1 aka gina tsarin ba, kuma shi da bakinsa ya ce 1 zai iya shanyewa. Ya tuna, ya yarda.

Wannan buhu bai shafa wa kowa ba, saboda a kakar ne ya fara juye duk waken da ya saya a buhun PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Leda biyu ne masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su cinye wadda ta rage su mutu, ba tare da magani ba. A Afrilu ya fitar da buhu 222, babu wanda ya zama gari.

## Hukunci

A ganina matsala biyu ce ta haɗu aka ɗauke ta ɗaya. Ta kakar farko ƙarancin suka ce. In an soki 3 a cikin 40, sakamakon da aka fi sa rai shi ne a kuskure, ko da kowa a cinikin mai gaskiya ne. Saboda haka hujjar da Kawu ya yanke wa dillalin farko hukunci da ita ba ta isa ba. Mai yiwuwa mutumin ya sani, mai yiwuwa bai sani ba, buhu 3 masu kyau ba sa nuna ko ɗaya daga ciki. Na faɗa masa haka, kuma da azumi ya je gidan mutumin suka sasanta.

Ta kakar ta biyu rashin ƙuri'a ce, kuma ita ta fi haɗari, domin ƙara yawan suka ba ya maganinta. Ina ganin hular ta fi kwalin lambobin aiki. Da Kawu zai rage suka daga 17 zuwa 10 amma ya riƙe ƙuri'a, zai ci gaba da kama irin kayan kakar farko sau 7 cikin 10. Da zai soki 17 daga bakin ƙofa, babu wani lissafi da zan iya yi masa. Ba wa mai kaya zaɓen a hannunsa kuma dabara ce da ba daga littafi ta fito ba, ita ta sa tsarin ya shiga kasuwa ba tare da faɗa ba.

Ba zan jingina nasarar kakar ta uku ga ƙuri'a kaɗai ba. Ciniki 5 kaɗan ne, kuma buhun PICS ya ɗauki nasa kason. Ƙarfen suka yana ganin huda ne, ba ya ganin ƙwan da ke manne a ƙwaya ko tsutsar da ba ta fito ba, wannan aikin ledar ne. Abin da ƙuri'a ta yi shi ne hana shi biyan kuɗin sabon wake a kan tsohon wake, kuma a ciniki ɗaya na ga hakan da idona, buhu 7.

Akwai abin da har yanzu ba mu warware ba. Lambobin kwalin an gina su ne a kan gurɓata 1 cikin 10. Kawu ya fara maganar sayen gyaɗa, inda ya ce ko 1 cikin 20 zai cutar da shi. A kan buhu 40 wannan buhu 2 ne, kuma kama su sau 9 cikin 10 na bukatar suka 27. Ya ce in zai soki 27 gara ya soki 40 ɗin gaba ɗaya, ni ma a wannan adadi na goyi bayansa.